Inda Ma'auni Ba Ya Kaiwa

Shekara goma sha tara na yi ina duba jiragen ruwa na tsere a ƙungiyarmu kafin wannan Asabar ɗin, kuma duk wanda ya san ni, Noeline Pascoe, ya san ba na manna wa jirgi sitikar izinin tsere don jin kunyar mai shi. Tun ina budurwa nake walda a shagon mahaifina. Direbobi suna kirana Tsohuwa Mai Guduma, a bayan idona dai, saboda wata 'yar guduma da ba ta barin aljihun rigata. Su yi ta faɗa, ko a jikina.

Ran nan tun da sassafe iskar arewa maso yamma ta taso, mai ɗumin nan da ke sa mutum ciwon kai. Duk wanda ya tashi a bakin kogin Rakaia ya san abin da take nufi: ana tafka ruwa a kan duwatsu, ƙanƙara tana narkewa, kafin tsakar rana kogin zai rikiɗe ya koma kalar shayi da madara, ya ɓoye duk wani dutse da ke cikinsa. Garth Ellery, shugaban tsere, ya same ni ina shimfiɗa kayan aiki a bayan motata.

"Noeline, ƙarfe tara nake son jirgin farko ya tashi," in ji shi. "Jirgi ashirin da shida ne a layi. Don Allah yau kada ki tsaya yi wa kowa wa'azi."

"In kana sauri, karɓi gudumar ka yi da kanka."

Ya yi tsaki ya wuce, oba-obarsa tana ta shashsheƙa a ƙugu.

Dokar babban aji, na jirage masu manyan injuna, a ƙungiyarmu ba ta da tsawo. Kejin ƙarfe a kan kujeru biyun, bel mai maɗauri biyar, sannan farantin ƙasan jirgi kada kaurinsa ya gaza milimita shida. Wannan ta ƙarshen ita ce ran mutum. Jiragenmu a ruwan da bai wuce idon sawu ba suke gudu, gudun da ya fi na mota a kan kwalta, kuma ba abin da ya raba gindin mutum da tsakuwar kogi sai wannan farantin alminiyam. A wuri uku ake aunawa: ramuka biyu na zubar da ruwa a baya, da bakin ramin da inji ke zuƙo ruwa. Ba wata hikima ce ta sa aka zaɓe su ba. Nan ne kawai bakin ma'auni yake iya shiga ya kama farantin ciki da waje. A lokacin ba mu da na'urar nan ta yanzu da ake ɗora wa ƙarfe ta faɗi kaurinsa. Haka muka tarar ana yi, haka littafi ya rubuta, haka muke yi.

Jirgi na bakwai a layi shi ne Jessie.

Struan McIlraith ne ya turo tirelar da ke ɗauke da shi da baya yana murmushi har kunne. Makiyayin tumaki ne, ƙato, mai son dariya, mai taurin kai irin na gidansu. Jirgin na mahaifinsa ne, marigayi Alastair, wanda ya sa masa sunan matarsa. Ni da babana muka ƙera shi shekara ashirin da biyu da suka wuce, da farantin milimita takwas. Duk wani layin walda da ke jikinsa hannuna ne. A bara a ƙaramin aji ya yi tsere. Bana Struan ya ɗora masa sabon inji mai ƙarfin biyun na da, ya rubuta sunansa a babban aji.

A kujerar hagu kuwa, wurin mai nuna hanya, 'yata Bridie ce za ta zauna. Ita kaɗai gare ni. Shekararta uku tana karanta wa Struan ruwa, tana nuna masa da hannu wane reshen kogi zai bi, wane zai kai shi kan tsakuwa. Watanni ta yi ba ta da zance sai na wannan tseren.

"Mama, a hankali da Jessie," ta ce tana dariya, hular kwano a hammata. "Jiya har dare... har yamma Struan yana lallashinta."

"Dubi ƙasanta, Noeline," in ji Struan. "Za ki iya gyara gashinki a ciki."

Na durƙusa na leƙa. Gaskiyarsa ne, sai ƙyalli take. Al'adar mutanenmu ce: tsakuwa ta kan kakkarce ƙasan jirgi, kuma kowa ya yarda cewa karce yana rage gudu, don haka da hunturu sai a kife jirgi a rumfar askin tumaki a bi shi da injin gogewa har ya yi sumul. Alastair ya yi, ɗansa ya gada.

Na sa ma'auni. Ramin dama, bakwai da rabi. Na hagu, bakwai da rabi. Bakin ramin zuƙa, bakwai. Keji lafiya, bel sabo.

"Ga shi nan," in ji Struan. "Kawo sitika, Tsohuwa."

Na fito da guduma na kwanta rigingine a ƙarƙashin tirela. Daga baya na fara. Dim. Dim. Dim. Haka lafiyayyen faranti yake amsawa, gajeriyar murya, mai nauyi. Na matsa gaba ina bugawa, na wuce ramin zuƙa, na iso daidai ƙarƙashin kujeru. Sai na ji ƙwaram.

Na sake bugawa. Ƙwaram, kamar an taɓa gwangwanin madara da babu komai a ciki. Na ɗaga ido na lissafa inda nake: daidai inda Bridie take ajiye ƙafafunta.

Na fito ina karkaɗe tsakuwa daga bayana. "Sau nawa aka goge jirgin nan, Struan?"

"Duk shekara mana. Kamar kowa."

"Shekara ashirin da biyu kai da mahaifinka kuna kankare shi a tsakiya, inda dutse ke duka. Gefen ramuka kuwa injinka ba ya kaiwa. Wurin da muke aunawa kenan. Ba zan manna sitika ba sai na huda na gani."

Murmushin ya ɗauke. Doka ta ba mai duba izinin huda ƙaramin rami in yana da shakka, amma sai mai jirgi ya yarda, kuma jirgin da aka huda ba ya shiga ruwa ranar sai an toshe da walda an sake dubawa. A tarihin ƙungiyarmu ba a taɓa yi wa kowa ba.

"Ki huda jirgin babana? Noeline, lafiyarki ƙalau? Kin auna wuri uku, duka sun haye. Me littafi ya ce?"

"Littafi ba shi zai zauna a kujerar ba."

"Af, ashe abin kenan!" Ya juya ga mutanen da suka fara taruwa. "Ku ji fa. Ba Jessie ce ke da ciwo ba, uwa ce ba ta son 'yarta ta shiga babban aji."

Aka yi 'yar dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don akwai ƙanshin gaskiya a maganarsa kuma ni ma na sani. Bridie ta ja ni gefe, fuskarta ta yi ja.

"Haba Mama! A gaban kowa? Shekarata ashirin da shida. Yaushe za ki daina?"

"Zo ki buga da kanki ki ji."

"Ni ba na jin abin da kike ji. Ba mai ji sai ke, shi ya sa ba mai iya musa miki."

Garth ya iso yana duba agogo. Ya ce takwas ta wuce da kwata, ga jirgi goma sha tara suna jira, ga kogi ya fara canza launi a can gefe. Ya ce in dai ma'auni ya nuna daidai to shi bai ga dalilin riƙe mutum ba, amma sa hannu nawa ne, ba zai ƙwace mini biro ba. Struan ya ja tirelarsa gefe ya zauna a kan taya, ya naɗe hannu, ya ce yana nan har in dawo hayyacina.

To, sai na koma kan sauran, kuma a nan ne nake so a saurare ni da kyau. Hankalina rabi yana kansu, rabi yana kan Jessie. Garth yana tsaye a kaina yana buga ƙafa. Na riƙa yin abin da littafi ya ce, ba ƙari: wuri uku, keji, bel, sitika, na gaba. Gudumar tana aljihu. Kwanciya a ƙarƙashin kowace tirela minti biyar ne, ni kuwa ba ni da minti biyar sau goma sha tara.

Lamba arba'in da ɗaya na Tamati Rehu ne, maƙwabcin Struan, mutum mai sanyin magana wanda bai taɓa ba ni wahala ba. Jirginsa bai fi shekara takwas ba, irin marasa nauyin nan da ake yi da farantin da bai ɗara doka da komai ba. Shida da ɗigo biyu, shida da ɗigo biyu, shida. Na hango ƙasansa yana ƙyalli na ce a raina yaron nan akwai tsafta. Na manna masa sitika da babban yatsana, na murje ta sosai don kada ruwa ya ɓare ta.

"Ina Rawiri?" na tambaye shi, don ban ga mai nuna masa hanya ba.

"Matarsa ce ta fara naƙuda, Anti. Ya ce zai zo, amma ni dai ban sa rai ba."

Tara saura minti goma na gama. Na dawo na tarar da Struan yana nan inda na bar shi, Bridie tana tsaye a gefensa ba ta ko kallona. Injuna sun fara ruri a bakin ruwa. Ina jin wannan rurin ne ya ci masa rai, don sai ya miƙe zumbur.

"Huda," ya ce. "Na haƙura da tseren yau. Huda a gaban kowa, in kika samu shida ki ajiye gudumar nan har abada."

"Na yarda."

Na ɗauko injin huda na shiga cikin jirgin, na ɗaga shimfiɗar da ke gaban kujerar hagu, na ɗora bakin injin. Na san yadda milimita takwas ke jayayya da hannu, na san na shida. Wannan ko dannawa ban gama yi ba ya zurma, har na kusa kifawa. Na zura siririn ma'auni a ramin, na karanta, na miƙa wa Struan ya karanta da idonsa.

Uku da rabi.

Ba wanda ya yi dariya. Struan ya durƙusa ya sa ɗan yatsa a ramin yana shafawa. Can ya ce, a hankali, "Da hannuna na yi wannan." Bridie ta dubi ramin, ta dubi ƙafafunta. Ta zo ta jingina kanta da kafaɗata na ɗan lokaci. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, daɗi ne ya cika ni, har da ɗan girman kai. Na ceci 'yata, kuma kowa ya gani.

Sai ga Tamati ya taho a guje, rigar ruwa a jikinsa.

"Bridie, Rawiri bai zo ba, kuma Garth ya ce ba mai tashi shi kaɗai. Kujera tana nan. Za ki?"

Idonta ya kawo haske. Amma ni ta juyo ta kalla. Karon farko kenan a shekara uku da ta nemi izinina a kan jirgi.

"Mama?"

Tausayinta ya kama ni. Na riga na ƙwace mata tsere ɗaya da safen nan.

"Je ki," na ce. "Ni na duba shi da kaina."

Minti ɗaya-ɗaya ake sakinsu. Na tsaya a kan tsakuwa na ga lamba arba'in da ɗaya ya ɗaga hanci, ya feso ruwa a baya, ya shige reshen arewa. Hannun Bridie yana sama tana nuna hagu. Ruwan ya riga ya yi kauri, ba ka ganin ƙasa ko a bakin gaɓa.

Na koma bayan motata na buɗe fulas. Struan ya zo ya zauna kusa da ni, jikinsa a sanyaye. Na zuba masa shayi a murfi.

"Ki yafe mini, Noeline. Maganar da na faɗa ɗazu ba ta dace ba."

"Bakinka dama tun kana yaro ya fi kanka gudu. Sha shayi."

Ya kurɓa yana kallon kogi. "Abin da ke ba ni haushi, duk kwarin nan ba mai goge jirgi kamata. Har yabona ake yi. Tamati ma ba ya yarda kowa ya taɓa nasa sai ni."

Na ajiye kofi.

"Me ka ce?"

"Na Tamati. Duk hunturu yake kawo shi rumfata, tun yana sabo. Shi yana taya ni askin tumaki, ni ina goge masa. Bana ma sau biyu, don ya hau tsakuwa a..." Sai ya tsaya. Ya dube ni, na ga jinin fuskarsa ya janye. "Amma ai kin buga shi. Kin buga, ko?"

Lissafin ya riga ya gama kansa a kaina: faranti mai shida tun daga farko, hannun Struan shekara takwas. Na tashi da gudu, ni da gwiwata ta daɗe da hana ni gudu, na iske Garth a gindin tuta na fizge oba-obar daga hannunsa.

"A tsayar da arba'in da ɗaya! Ƙasansa ba shi da kauri, a tsayar da shi yanzu!"

"Ke kika ba shi sitika, Noeline."

"Na sani! Ka tsayar da shi!"

Ba rediyo a cikin jirage a wancan zamanin. Jar tuta kawai ake ɗagawa a wuraren tsaro. Garth ya karɓi oba-obar ya kira na farko. Muryar ta dawo cikin shashsheƙa: arba'in da ɗaya ya wuce minti biyu da suka shige, yana gudu lafiya. Ya kira na biyu, wanda ke bakin mashigin duwatsu, ya ce su riƙe jar tuta a hannu, su faɗi lambar duk jirgin da suka hango. Tsakanin wuraren biyu kilomita goma sha ɗaya ne na rassa da tsakuwa, wurin da kogi ke sake hanya duk mako.

Muka tsaya mu uku a kan 'yar na'urar nan. Iska tana ta kaɗa igiyar tuta a jikin sanda.

"Talatin da takwas ya wuce."

Na sa hannu a aljihu na damƙe gudumar.

"Talatin da tara."

Struan yana ta faɗin wani abu ƙasa-ƙasa, ban san ko addu'a ce ba.

"Arba'in."

Minti ɗaya. Na ƙirga shi da bakina, har sittin. Na ci gaba, saba'in, tamanin. Na ce wa kaina wataƙila sun ɓata reshe, Bridie ba ta saba da Tamati ba. Ɗari. Ɗari da ashirin.

"Arba'in da biyu," in ji muryar. "Garth, direban arba'in da biyu yana ɗaga hannu biyu. Yana nuna baya."

Dutse ne da bai fi tulu girma ba, a ƙarƙashin ruwan da ya ɓoye shi. Lafiyayyen jirgi zai doke shi ya lotsa, mutane su sha jijjiga su yi zagi su wuce. Na Tamati ya tsage tun daga gaba har ramin zuƙa, ta ɓangaren hagu. Kejin ya riƙe, bel ya riƙe, duk abin da littafi ya ce a duba ya riƙe. Tamati ya fita da karyayyen haƙarƙari biyu, shi ya tallafe kan Bridie sama da ruwa har jirgi mai saukar ungulu ya iso. Da aka jawo gawar jirgin washegari na auna bakin tsagar. Uku ne ba ko ɗigo. Sitikata tana nan a jikinsa, ko gefenta bai ɗago ba.

Bridie ta rayu. Likitoci sun ceto ƙafar dama. Ta hagu, daga gwiwa zuwa ƙasa, ba su samu abin da za su ɗinka ba.

Sai a kwana na huɗu ta farka sosai. Da rana ne, ina zaune a gefen gadon ina riƙe da hannunta. Ta daɗe tana kallon bargon, wurin da ya kwanta shafe a gefe guda. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in ba ta ruwa, na ba ta. Ta tambayi Tamati, na ce yana samun sauƙi. Ta tambayi matar Rawiri, na ce mace ta haifa.

Garth ya riga ya faɗa mini cewa rahoto ya wanke ni, na bi doka ɗaya bayan ɗaya. Struan yana ta gaya wa duk wanda ya tsaya saurarensa cewa laifinsa ne shi kaɗai. Ba wanda ya gaya wa Bridie komai, kuma na san ba wanda zai gaya mata.

Ta juyo da kanta a kan matashi ta dube ni. Babu fushi a idonta, so take kawai ta ji abin da za ta riƙe.

"Mama, kin ce ke kika duba shi."

"Ni ce."

"Kin buga shi da gudumar?"

Tana aljihuna a lokacin, ina jin nauyinta a cinyata.

"A'a," na ce.